"Butter" ta BTS: tambayoyin da ake ta yi da amsoshinsu

Bayan fitowar waƙar "Butter" ranar 21 ga Mayu, 2021, kusan tambayoyi iri ɗaya suka yi ta dawowa. Wasu daga waɗanda a shekarar suka fara jin BTS, wasu daga tsofaffin masoya da ke son gane lissafin Billboard, mujallar Amurka da ke jera waƙoƙin da suka fi tashe, wasu kuma daga yayye da iyaye da suka ga yarinya ta farka da asuba tana rawar jiki a kan waya. Na tattara waɗanda aka fi yi. Alƙaluman da ke ciki na zuwa ƙarshen Yulin 2021 ne.

Su wane ne BTS ɗin nan da ake ta magana?

Samari bakwai ne 'yan Koriya ta Kudu, masu waƙa da rawa. Sun fara fitowa ranar 13 ga Yuni, 2013, a ƙarƙashin Big Hit, kamfanin da Bang Si-hyuk ya kafa a 2005. Cikakken sunansu Bangtan Sonyeondan, wato samarin da harsashi ba ya ratsawa, kuma harsashin da suke nufi shi ne zargi da nauyin buri da manya ke ɗora wa matasa.

A lokacin da suka fito, kasuwar waƙar Koriya tana hannun manyan kamfanoni uku ne: SM, YG da JYP. Big Hit ƙaramin kamfani ne da ba shi da kuɗin kirki, har su bakwai ɗin a ɗaki ɗaya suke kwana. A riƙe wannan, domin shi ne tushen amsar tambayar "me ya kawo wannan murna haka" da ke ƙasa. A Maris na 2021 uwar kamfanin ta koma HYBE, ɓangaren da ke kula da su kuma ana kiransa Big Hit Music.

Duk kama suke yi mini. Ta yaya zan bambance su?

Fara da murya, ta fi fuska saurin zama a kai, tunda launin gashi kullum canzawa yake. Uku ne masu gambara. RM, wato Kim Namjoon, shi ne shugaba, shi ke magana da Turanci a hirarraki. Suga ɗan Daegu ne, muryarsa a dakushe, kuma gwani ne wajen haɗa kiɗa. J-Hope ɗan Gwangju ne, ɗan rawar titi ne tun kafin ya shiga ƙungiyar. Huɗu kuma masu rerawa: Jin, babban yaya, haihuwar 1992, Jimin ɗan Busan mai siririyar murya, wanda ya karanci rawar zamani a makaranta, V mai kakkaurar murya, sai auta Jungkook, haihuwar 1997, shi ma ɗan Busan. Za ku riƙa jin suna ce wa na gaba da su "hyung", wato yaya, ana kuma ce wa auta "maknae".

A bidiyon "Butter", mai dogon gashi shunayya shi ne Jungkook, mai gashi rawaya da ya ci man shanu a ƙarshe J-Hope ne, mai gashi launi-launi kuma Jimin.

Mece ce "Butter", kuma me take cewa?

Waƙar rawa ce da Turanci, tsawonta bai kai minti uku ba, ita ce ta biyu da suka yi gaba ɗaya da Turanci bayan "Dynamite" ta 2020. Marubuta da dama ne suka haɗu a kanta, ciki har da Jenna Andrews, Rob Grimaldi, Stephen Kirk da Ron Perry, RM kuma ya sa hannu a baitocin gambara. Saurayi ne ke yi wa kansa kirari cikin wasa, yana cewa zai narkar da zuciyar wadda yake so. A farkonta akwai ishara ga Michael Jackson, can gaba kuma an ambaci Usher, mawaƙan da suka taso suna ji.

Bidiyon yana farawa ne fari da baƙi, su bakwai cikin kwat, sai launi ya ɓarke. Wurin da na fi so shi ne cikin lifta: ɗan ƙaramin ɗaki, kowa ya shiga shi kaɗai ya yi rawar da ta zo masa, ba tsarin da aka koya masa ba. A nan ake ganin halin kowa. J-Hope kamar ba ƙashi a jikinsa, Suga yana yi a hankali yana murmushi, V yana wasa da kyamara. Sannan ga inda suka jera suka rubuta ARMY, sunan masoyansu, da jikinsu, daidai lokacin da RM ke cewa masoyansu na bayansu.

Me ya sa ake cewa "kambak", wai sun dawo, alhali babu inda suka je?

Haka ake kiran duk sabon saki a waƙar Koriya, ko da wata uku ne kawai tsakaninsa da na baya. Kuma ba waƙa kaɗai ake saki ba. Kamar biki ne: a sa rana, a kai lefe, a yi kamu, kafin ranar ɗaurin aure kowa ya gama ɗokanta. Na "Butter" ya fara ne ranar 26 ga Afrilu, da wani bidiyo na awa guda a YouTube wanda ba komai a cikinsa sai zanen curin man shanu yana narkewa, ga ƙarar kicin a baya. Dubban ɗaruruwan mutane suka zauna suna kallo, har ya narke ya zama siffar zuciya, aka ga suna da kwanan wata.

Daga nan sai jadawali: ranar gajerun bidiyoyi, ranar hotunan kowane ɗaya, ranar somin-taɓin bidiyo, sannan ranar kanta. Bayan fitowa kuma aka shiga nuna ta a dandamali. Karon farko shi ne bikin kyaututtukan Billboard na 23 ga Mayu, inda suka tafi da kyauta huɗu. Sai sababbin haɗin kiɗa: "Hotter" ranar 28 ga Mayu, "Sweeter" da "Cooler" ranar 4 ga Yuni. Waɗannan suna da alaƙa da gardamar da ake yi kan Billboard, duba amsarta a ƙasa.

Me ya sa da asuba ake sakin waƙoƙinsu?

Ba don mu aka zaɓi lokacin ba. Tun 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin waƙa a duniya, kuma makon lissafin Billboard na saye da sauraro daga Juma'a yake farawa zuwa Alhamis. Ƙarfe 1 na rana a Seoul shi ne ƙarfe 12 na dare a New York a watan Mayu, wato daidai buɗewar makon. A Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ƙarfe 5 na asuba ke nan, a Ghana ƙarfe 4, a Sudan ƙarfe 6.

Wanda ya tashi a ranar ya san yadda abin yake. An cika waya da caji tun dare saboda ba a yarda da wuta ba, an yi salla, an koma kan tabarma da abin sauraro a kunne don kada a tashi mutanen gida. Agogon YouTube yana sauka, gefen allo saƙonni suna gudu da harsunan da ba ka iya karantawa, zukata shunayya ko'ina. Sama da mutum miliyan 3.9 ne ke kallon wannan agogon a lokaci guda. Da ƙarar gangar farko ta buga, sai ka ga ka toshe baki da hannu don kada ihu ya fita.

Wane tarihi waƙar ta kafa?

A YouTube an kalle ta sau miliyan 108.2 cikin awa 24 na farko, ta karya tarihin da "Dynamite" ta kafa na miliyan 101.1. A Spotify ta haura sauraro miliyan 11 a ranar farko, wanda shi ma sabon tarihi ne. Ta shiga jadawalin Hot 100 na Billboard a mataki na ɗaya kai tsaye, ta zauna mako bakwai a jere. Wadda ta sauke ta kuma ƙanwarta ce, sabuwar waƙarsu "Permission to Dance", sannan bayan mako guda "Butter" ta sake karɓar kujerarta. Waƙoƙi biyar ke nan da suka kai mataki na ɗaya cikin wata goma da mako biyu, saurin da ba a gani ba tun Michael Jackson a 1987 zuwa 1988.

Waƙa ce mai sauƙi, ba wani saƙo mai zurfi. Me ya kawo wannan murna haka?

Gaskiya ne mai sauƙi ce, su da kansu ba su ɓoye ba. A taron manema labarai na ranar fitowarta sun ce waƙar bazara ce ta nishaɗi, ba a ɗora mata wani nauyi ba. Wanda ya ji ta ya ce ba ta kai surutun da ake yi ba, ban ce ya yi ƙarya ba. Amma murnar masoyi ba ta tsaya a minti biyu da daƙiƙa arba'in da huɗu ba. Tana tare da shekara takwas da ke bayansu.

Sai da suka yi kusan shekara biyu kafin su ci mataki na ɗaya a shirin waƙa na talabijin, a Mayun 2015, da "I Need U". Kafin nan an yi ta yanke su a shirye-shirye, an yi musu dariyar suna, masu gambarar ƙarƙashin ƙasa sun ce RM da Suga sun sayar da kansu. Da suka fara cin kasuwa sai aka ce ƙaramin kamfani ba zai iya sayar da faifai haka ba, dole maguɗi ne. A ƙarshen 2016 suka karɓi manyan kyaututtukan shekara karo na farko, Suga, wanda ba a saba ganin hawayensa ba, ya rufe fuska yana kuka a kan dandamali. A Disambar 2018 a Hong Kong, shekarar da kundinsu ya fara kai mataki na ɗaya a Amurka, Jin ya tsaya gaban jama'a ya ce a farkon shekarar sun yi tunanin watsewa saboda gajiya. Duk wanda ya ga wannan ba zai kalli samarin da ke dariya a cikin lifta da ido ɗaya da baƙo ba.

Sai kuma korona. Rangadin duniya da za su fara a Seoul a Afrilun 2020 ya tsaya, suka koma yi wa kujeru marasa kowa waƙa ta intanet. A Nuwamba aka yi wa Suga tiyata a kafaɗa, ciwon da ya samo tun yana aikin kai saƙo a babur kafin su shahara, suka riƙa hawa dandamali su shida suna barin gurbinsa a fili. A "Butter" su bakwai ne cif, Suga yana ɗaga hannu yana rawa. Ni abin da na fara ƙirgawa ke nan, kafin in saurari baiti ko ɗaya. Mutanen da suka sha wannan hanya sun cancanci su yi waƙar da ba ta da wata damuwa, kuma ina jin daɗin ganinsu haka.

To me ya sa da Turanci? Sun bar harshensu ne?

Ba su bari ba. Tsakanin "Dynamite" da "Butter" sun fitar da kundin "BE" a Nuwamban 2020, kuma waƙarsa "Life Goes On" ita ce ta farko da akasarinta Koriyanci ne da ta hau mataki na ɗaya a Hot 100. Amma ta hau ne kusan ba tare da taimakon gidajen rediyon Amurka ba, waɗanda ba kasafai suke sa waƙar da ba ta Turanci ba. "Dynamite" kuwa rediyo ta karɓe ta, ta kuma kai su ga shiga takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, karo na farko, ko da yake a Maris na 2021 Lady Gaga da Ariana Grande ne suka ci. Suga ya faɗa a fili cewa da "Butter" za su sake gwadawa.

Ra'ayina: ina son waƙoƙin Turancin, amma ba a nan ƙarfinsu yake ba. Alƙalamin RM da na Suga ya fi kaifi nesa ba kusa ba a harshen da suke mafarki da shi. Waƙoƙin Turanci uku, har da "Permission to Dance", sun isa, ni na Koriyanci na fi so. Duba amsar "me zan saurara bayan Butter".

Ana cewa da kuɗi masoya suka saya mata mataki na ɗaya. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Hot 100 tana haɗa abu uku ne: sauraro ta intanet, sawa a rediyo, da saye. A makon farko an sayi "Butter" fiye da sau 242,000 a Amurka, adadin da kusan babu mai kaiwa a lokacin. An sayar da ita a kan santi 69, kuma kowane sabon haɗin kiɗa da aka fitar ana tara cinikinsa a kan waƙar asali. A yawancin makonnin nan "Good 4 U" ta Olivia Rodrigo ta fi ta yawan sauraro a Amurka, amma ta zauna a mataki na biyu.

Sai dai Billboard ce ta kafa dokar, ba BTS ba, kuma rage farashi da fitar da sabon haɗi abu ne da mawaƙan Amurka suka daɗe suna yi. Bambancin shi ne BTS suna da mutanen da za su ciro kuɗi su saya. Nasarar halas ce. Abin da ba daidai ba shi ne mu ce ita ce waƙar da Amurkawa suka fi ji a bazarar 2021, ko mu bi Olivia Rodrigo, yarinya 'yar shekara 18 a lokacin, da zagi don waƙarta ta yi kyau.

Sauraron da nake yi daga Kano ko Maraɗi yana shiga lissafi kuwa?

Ya danganta da wane lissafi. Hot 100 ta Amurka ce zalla, ko sau dubu ka kunna a nan ba ya ƙara mata komai. Amma tun Satumban 2020 Billboard ta buɗe wasu jadawali biyu na duniya, ɗaya har da Amurka, ɗaya ban da ita, masu tattara alƙaluma daga ƙasashe da yankuna fiye da 200, kuma "Butter" ta shiga duka biyun a mataki na ɗaya. Adadin kallo na YouTube shi ma bai san iyakar ƙasa ba. Spotify kuma ta iso Najeriya da Ghana a Fabrairun 2021, wata uku kafin waƙar.

Wanda ba ya shiga ko'ina shi ne wanda aka tura maka ta Xender ko aka sauke daga shafukan da ke raba waƙa kyauta. Haka nan barin bidiyo yana ta maimaita kansa ba ya amfani sosai, domin YouTube tana tace kallon da ya yi kama da na inji, shi ya sa wani lokaci adadin ke tsayawa cak na ɗan lokaci. Ka kalla daga farko zuwa ƙarshe a shafin HYBE LABELS, ka kalli wani abu daban, in ka so ka dawo.

Ba ni da kuɗin faifai, data ma da ƙyar. Ni ma masoyiya ce?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Faifan "Butter" ya fito ranar 9 ga Yuli iri biyu, Cream da Peaches, kowane da littafin hotuna da katin hoton mutum ɗaya da ba ki san wanda za ki samu ba sai kin buɗe. Abu ne mai kyau, amma kafin ya iso nan kuɗin aikowa kan yi kusa da kuɗin faifan, ga canjin dala. Masu saye sukan haɗa oda ɗaya su raba kuɗin jirgi. In za ki shiga irin wannan, ki shiga da wadda kika san gidansu, domin akwai masu karɓar kuɗi su kashe waya.

Kada kuɗin makaranta ko na adashe ya tafi a kati. Waƙoƙin suna YouTube kyauta, shirin wasanninsu na "Run BTS" kyauta ne a Weverse, manhajar kamfaninsu. Ki rage ingancin hoto, ki yi amfani da datar dare. Akwai masu matsa wa mutane a zaurukan WhatsApp da cewa wanda bai kalla sau kaza ba ba ARMY ba ne. Ba su da wannan hurumin, kuma ban taɓa jin ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya faɗi haka ba.

A 2021 an rufe Twitter a Najeriya na wani lokaci. Ina kuma ake samun labari?

Dakatarwar ta fara aiki ranar 5 ga Yuni, 2021, mako biyu bayan fitowar waƙar, kuma ta taɓa mu sosai don a can masu fassara suke. Amma duk sanarwar kamfani tana fitowa a Weverse, a nan ne ma su bakwai ɗin kan yi rubutu su amsa wa masoya. Bidiyoyi suna shafin BANGTANTV a YouTube, hotuna kuma a Instagram da Facebook na ƙungiyar.

"Permission to Dance" fa? Wata waƙa ce daban?

Daban ce, a cikin faifan "Butter" ta zo. Ed Sheeran na cikin marubutanta, shi ne kuma ya taɓa ba su "Make It Right" a 2019. Bidiyon yana hasashen ƙarshen annoba: balan-balan shunayya suna tashi, ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffi suna cire takunkumi suna rawa. A ƙarshen rawar an saka alamu uku na maganar hannu ta kurame, masu nufin nishaɗi, rawa da zaman lafiya, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya gode musu. A kunnena "Butter" ta fi ta kiɗa, amma na ga bidiyon kurame suna mayar musu da alamun nan suna dariya, kuma wannan ya ƙara mata daraja a wurina.

Mene ne ARMY, kuma me ya haɗa ku da launin shunayya?

Sunan masoyansu ne, an raɗa shi ranar 9 ga Yuli, 2013, shi ya sa aka zaɓi wannan rana don fitar da faifan. Babu rajistar dole, babu kuɗin shiga, ko da yake akwai katin shekara na kuɗi ga mai so. Shunayya kuwa daga V ta samo asali. A wani taron masoya a Nuwamban 2016 ya ce ita ce launin ƙarshe a bakan gizo, don haka a wurinsa tana nufin amana da ƙauna mai daɗewa. Daga nan kalmar "borahae" ta zama gaisuwarmu.

ARMY ba ƙirga kallo kawai suka iya ba. A Yunin 2020 da BTS da kamfaninsu suka ba ƙungiyar Black Lives Matter, mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, dala miliyan 1, masoya sun tara kwatankwacinta cikin kwana guda da 'yan awoyi.

A gida ana yi mini faɗa, an ce wai "idol" ake kiransu, wato gunki da Turanci, kuma maza ne masu kwalliya. Me zan ce?

Ki fara da sauraron su Mama da Baba, domin damuwarsu ba ta banza ba ce. Kalmar nan a Koriya sunan sana'a ne: matashin da kamfani ya ɗauka ya horar shekaru a waƙa da rawa kafin ya fito da shi. Ba ta da alaƙa da bauta. Kwalliyar fuska kuwa al'adar dandamali da talabijin ce a can, ba tamu ba ce, ba kuma sai kin kare ta ba. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, ba tawa ba, ki tambayi wanda gidanku suka amince da shi.

Abin da iyaye ke gani da idonsu shi ne hali. In salla tana wucewa saboda bidiyo, in an bar wanke-wanke, in sakamakon jarrabawa ya sauka, babu bayanin da zai gamsar da su, kuma su ne da gaskiya. In kuwa komai na tafiya, za ki iya nuna musu jawabin da RM ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2018, a taron UNICEF, inda ya ba da labarin yadda ya daina jin muryar kansa tun yana yaro saboda damuwa da abin da mutane za su ce. Suna aiki da UNICEF tun 2017 kan yaƙi da cin zarafin yara. A Oktoban 2019 kuma sun yi wasa a filin Sarki Fahad da ke Riyad, suka gaisa da jama'a da Larabci.

Kada kuma ki ce musu komai nasu tsaf yake. Wasu waƙoƙin gambararsu akwai ashar, kuma a 2016 kamfanin ya nemi afuwa kan wasu tsofaffin baitoci da aka ce sun ƙasƙantar da mata. In aka ba ki ƙa'ida a gida, ki bi.

Me zan saurara bayan "Butter"?

"Spring Day" ta Fabrairun 2017, kafin komai. Waƙar kewar aboki ce, kuma mutane da yawa a Koriya suna danganta ta da jirgin ruwan Sewol da ya nutse ranar 16 ga Afrilu, 2014, mutum 304 suka rasu, akasarinsu 'yan sakandare da ke tafiya yawon buɗe ido. Zuwa 2021 ta yi shekara huɗu ba ta bar jadawalin Melon, manhajar sauraron waƙa ta ƙasar, ba. A kalli bidiyon da fassara a ƙasa, a lura da tulin tufafi da takalman da aka rataye a bishiya.

Sai "Baepsae" ta 2015, wadda aka gina a kan karin maganar Koriya cewa ɗan ƙaramin tsuntsu in ya ce zai yi takun shamuwa ƙafarsa za ta tsage. Suka juya ta kan manyan da ke ce wa matasa su ƙara ƙoƙari alhali ba daga wuri ɗaya aka fara tseren ba. Duk wanda ya gama karatu yana yawo da takardu zai gane ta ba sai an yi masa dogon bayani ba. "N.O" ta 2013 kan matsin karatu ce. "Black Swan" ta 2020 kan tsoron ranar da mai fasaha zai daina jin daɗin fasaharsa ce. "Idol" ta 2018 kuma za ta yi wa kunnenmu daɗi: an haɗa kiɗan gqom na Afirka ta Kudu da amon gargajiyar Koriya, a rawar ma akwai gwara-gwara.

Ba na jin Koriyanci. Yaya zan yi?

Yawancin bidiyoyinsu suna da fassarar Turanci a YouTube, a danna alamar rubutu a saman allo. Wanda ke son ya wuce nan, rubutun Hangul ba shi da wuya: haruffa 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙiro shi a 1443 domin talaka ya iya karatu. Cikin 'yan kwanaki mutum zai fara haɗa sunayensu. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2010, tana koyar da harshen, tana kuma shirya gasar rawa da waƙar Koriya.

A 2021 an yi ta cewa za su tafi soja. Watsewar ƙungiya ke nan?

Dokar Koriya ta Kudu ta wajabta wa duk namiji mai lafiya aikin soja, kimanin wata 18 a rundunar ƙasa, kuma a da ba a wuce shekara 28 ba a shiga ba. Akwai sassauci ga 'yan wasan da suka ci lambar Olympics ko zinaren gasar Asiya da wasu masu kiɗan gargajiya da na kilasik, amma ban da mawaƙan zamani. A Disambar 2020, kwanaki kaɗan kafin Jin ya cika 28, majalisar dokoki ta yi gyara: mawaƙin da ya karɓi lambar yabo ta gwamnati zai iya jinkirtawa har shekara 30. BTS sun karɓi tasu a 2018. Jinkiri ne, ba yafewa ba, kuma Jin ya sha faɗa cewa duk ranar da ƙasa ta kira shi zai amsa.

Tafiya soja ba watsewa ba ce. Ƙungiyoyin da suka riga su, irin su Super Junior da SHINee, mambobinsu sun je sun dawo sun ci gaba da waƙa. BTS kuma sun sabunta yarjejeniyarsu da kamfanin a 2018 na ƙarin shekara bakwai. Jin ya cika 30 ranar 4 ga Disamba, 2022. Kafin nan, ranar 21 ga Yuli, 2021, shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Moon Jae-in, ya naɗa su wakilansa na musamman kan matasa da al'adu, kuma sun halarci babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a New York a watan Satumban shekarar.